Shekarar da Neil Young ya ari muryar inji

A Kaduna ta farkon shekarun 1980, in ka ji waƙar Turawa tana tashi daga shagon tela ko daga cikin tasi, da wuya in ba Don Williams ba ne, ko Jim Reeves, ko Dolly Parton. Samari masu ji da kansu suna wajen Bob Marley da Jimmy Cliff, masu son rawa kuma disko ya tafi da su. Kiɗan rok bai taɓa yin kasuwa a wurinmu ba, hayaniya ake ce masa. Ta ƙofar kiɗan kaboyi Neil Young ya shigo gidanmu, cikin akwatin ƙarfen da yayana ya dawo da shi daga karatu a Ingila, maƙare da fayafayan garmaho.

Wanda Yaya ya fi ƙauna shi ne Harvest, na 1972, faifan da ya fi kowanne ciniki a Amurka a shekarar. Jita ce marar lantarki, da ɗan abin busan nan da mawaƙin ke ratayewa a wuya, sai murya siririya mai karkarwa wadda ba za ka taɓa cewa ta dogon namiji ba ce. Ba ta da zaƙi irin na Don Williams. Takan hau sama ta tsaya tana rawa, ka ce yanzu za ta tsinke, kuma ba ta tsinkewa. Yaya yakan ce duk mutanen da ke cikin akwatin nan waƙa suke yi, wannan kaɗai ke faɗin gaskiya. Ya haddace tarihinsa: an haife shi a Toronto ta Kanada a 1945, shan inna ta kama shi yana ɗan shekara biyar, ya yi fama da farfaɗiya yana saurayi, kuma a tsohuwar motar ɗaukar gawa ya tuƙa kansa har Los Anjeles a 1966, inda suka kafa ƙungiyar Buffalo Springfield. Ni lokacin ina sakandare. Aikina goge faifai da ƙyalle mai laushi in mayar da shi rigarsa. Allura kuwa ba a yarda in taɓa ta ba.

A 1983 wani abokin aikin Yaya ya dawo daga kwas a Landan da tsaraba: sabon faifan Neil Young mai suna Trans. Zamanin tsuke bakin aljihu ne na gwamnatin Shagari, kayan waje sun yi wuya, saboda haka sabon faifai cikin ledarsa abin a kira abokai ne a dafa shayi. Tun daga bangonsa muka fara kallon juna. Titi ne da motoci biyu, tsohuwa da ta zamani, da masu neman a rage musu hanya su biyu: ɗaya ɗan Adam da 'yan gangunansa, ɗayan kuma surar mutum ce da aka zana da layukan kwamfuta.

Waƙar farko ta wuce lafiya, ta soyayya ce mai sauƙi, har Yaya yana kaɗa ƙafa. Ta biyu ta fara da wani bugu mai tafiya daidai wa daida, ba gaggawa ba jinkiri, irin wanda hannun mutum ba ya iyawa. Can sai muryar ta narke ta koma wani abu mai ƙara siriri, ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Yaya ya juyo.

"Kai, ka taɓa min garmaho?"

"Wallahi Yaya ban taɓa ba."

Ya ɗaga allura, ya hure ƙura, ya duba ko an karkatar da maɓallin gudu daga 33 zuwa 45. Yana nan a 33. Wani cikin abokansa ya ce wuta ce ta yi ƙasa, duk muka ɗaga kai muka dubi ƙwan fitila, yana nan da haskensa tas. Aka mayar da allura. Waƙa ta uku ta fi ta biyu muni a kunnensu, domin a nan muryar ta yi kauri ta zama ta wani abu mai ba da umarni. Umma ta zo wucewa da tiren kofuna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan kuma waƙar aljanu ce kuka samo?" Ba a juya faifan ba ranar. Yaya ya zare shi ya miƙo min, ya ce in na ga dama in riƙe. Shi ne faifai na farko da na mallaka a duniya, kuma da shi aka fara barina in ɗora allura da hannuna.

Waƙa tara ce a ciki, shida daga ciki sun bi ta wata na'ura da ake kira bokoda. Yadda take aiki shi ne, kana magana cikin makirufo, ita kuma tana tsattsaga muryarka gida-gida, daga mai kauri zuwa siririya, tana auna ƙarfin kowane gida a kowane lokaci. Sai ta watsar da muryar, ta riƙe awon, ta ɗora shi a kan sautin fiyanon lantarki. Abin da zai fito, baki naka ne amma maƙogwaron na inji. Wani injiniya mai suna Homer Dudley ya ƙirƙiro ta a ɗakin binciken Bell a shekarun 1930, don a rage wa wayar tarho nauyin magana, kuma a kanta aka gina na'urar sirrin da Roosevelt da Churchill suka riƙa magana da ita a yaƙin duniya na biyu. Ta Neil Young ƙirar kamfanin Sennheiser ce na Jamus, ya haɗa ta da wani fiyano mai kwamfuta da ake kira Synclavier.

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba a lokacin, amma abin bai zo min a baƙo ba. Mu da muka tashi muna jin kalangu yana kiran sunan mahauci yana yi masa kirari, mun san cewa fata da tsirkiya suna magana. Wanda ya san taken yana jin kalmomi sarai, wanda bai sani ba ganga kawai yake ji. Haka na ɗauki Trans: akwai magana a ciki, taken ne ban sani ba. In gida ya yi shiru bayan azahar sai in kwanta a ƙasa in kanga kunne jikin lasifika. Waƙa ta huɗu, Transformer Man, ita ta kama ni. A hankali take tafiya, muryar tana can sama tana lilo, kalma ɗaya ta fito fili, uku su nutse. Ban fahimci abin da ake faɗa ba, amma na san lallashi ake yi. Ba a yi wa inji irin wannan murya, sai wanda ake so.

Yaya bai yarda ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Yana cewa mutumin da Allah Ya ba muryar da babu mai irinta a duniya, ya je ya sa mata takunkumi don ya yi kama da samarin Jamus? Kraftwerk yake nufi, 'yan birnin Dusaldof, waɗanda suka fitar da Computer World a 1981, kuma gaskiya ne Neil Young ya saurare su. In na ce masa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, sai ya ce wannan maganar 'yan rawa ce, shi mawaƙi ya sani. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Mr. Soul, waƙar Buffalo Springfield ta 1967, wadda aka sake ta da gangar inji. Ya ce sabuwar waƙa ka yi yadda ka so da ita, amma wadda mutane suka riga suka ajiye a zuciya ba taka ba ce kai kaɗai. Ƙarshen maganarsa kullum ɗaya ne: kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Ashe gardamar da muke yi a falonmu ita ake yi ko'ina. Tun kafin faifan ya fito, a kakar 1982, Neil Young ya zaga Turai da waƙoƙin. Mutane sun sayi tikiti don su ga mai jita da rigar manoma, sai ga mutum cikin baƙaƙen kaya da siririn nakatayi da baƙin tabarau, makirufo ɗaure a kai, shi da abokin kiɗansa Nils Lofgren suna kai-komo a dandali suna amsa wa juna da muryar ƙarfe. An ɗauki fim ɗin wasan ƙarshe a Balin ta Yamma a watan Oktoba, yana nan har yau. Zagayen ya ci hasara. Faifan ya fito a ƙarshen Disamba, ya hau zuwa na 19 a jerin Amurka ya tsaya, abin da ba faɗuwa ba ne ga wani, amma faɗuwa ce ga mai Harvest.

Wanda abin ya fi yi wa zafi shi ne mai kamfani. David Geffen ya kafa kamfaninsa na faifai a 1980, ya ɗauki John Lennon da Elton John da Donna Summer, sannan ya zawarci Neil Young daga kamfanin Reprise da alkawarin dala miliyan ɗaya kan kowane faifai da 'yancin ya yi abin da ya ga dama. Trans ne faifan farko da kamfanin ya fitar masa. Da Neil ya kawo faifan kiɗan kaboyi a bayansa, kamfani ya ƙi karɓa, aka ce rok ake so. Sai ya shafa mai a gashi, ya sa kwat ruwan hoda, ya yi musu rok irin na shekarun 1950, minti 25 kacal, ya sa masa suna Everybody's Rockin'. A ƙarshen 1983 Geffen ya maka shi kotu yana neman sama da dala miliyan 3, bisa zargin yana yin fayafayan da ba sa sayuwa kuma ba su yi kama da nasa ba. Neil ya mayar da ƙara ta dala miliyan 21. Daga baya aka sasanta, Geffen ya ba da haƙuri, Neil ya cika alkawarin fayafayansa ya koma Reprise a 1988.

Duk wannan ana yi, mutumin bai buɗe baki ya faɗi dalili ba. Sai a ƙarshen shekarun 1980 ya fara magana da 'yan jarida a kai, ni kuma na tsinci labarin a wata tsohuwar mujallar waƙa da na saya wurin masu baza littattafai a bakin titi. A tsaye na karanta shi.

A 1978 matarsa Pegi ta haifa masa ɗa namiji da lahani a ƙwaƙwalwa, irin wanda ke shanye gaɓoɓi tun daga haihuwa. Babban ɗansa ma yana da ciwon amma da sauƙi. Wannan kuwa ba hannu, ba ƙafa, ba magana. Iyayen suka shiga wani shiri na wata cibiya a Filadelfiya, inda manya ke kama hannuwa da ƙafafu da kan yaro suna motsa su yadda mai rarrafe ke yi, a kan fatan ƙwaƙwalwa za ta koya. Kusan yini guda ake yi, kwana bakwai a mako, kuma sun yi kimanin wata 18 a haka, yaro na kuka, su ma suna yi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sha faɗin cewa babu hujjar wannan hanya tana warkarwa, amma wane uba ne za a nuna wa ƙofa ya ƙi ƙwanƙwasawa? A shekarun nan ya kusan daina fita wasa baki ɗaya. Ɗan lokacin da ya rage masa shi yake shiga situdiyon gonarsa a Kalifoniya, kuma abin da ke kansa shi ne maɓalli da waya da duk wata na'urar da za ta bai wa yaron hanyar cewa e ko a'a.

Ya bayyana cewa da gangan ya sa ba a jin kalmomin. Kana jin ana gaya maka wani abu, kana jin yana da muhimmanci, kuma ka kasa kama shi: haka yake ji kullum a gaban ɗansa, haka ya so mai sauraro ya ji. Ya ma tsara fim da zai raka faifan, labarin wani asibiti da ma'aikatansa masu muryar inji, dukansu sun taru a kan aiki guda, koya wa jariri danna maɓalli. Kamfani bai ba da kuɗin ba. Faifan ya fita duniya shi kaɗai, ba mai yi masa tafinta.

A nan ina ganin Neil Young yana da nasa kason a rashin fahimtar. Ba ka kulle ɗaki ka tafi da makulli sannan ka ji haushin waɗanda suka tsaya a waje. Yaya da dubban irinsa ba su yi laifi ba da suka ji an juya musu baya. Amma shirun nasa yana daga cikin abin da ya sa nake girmama shi. Da ya fito a 1982 ya ce ga halin da ɗana ke ciki, da 'yan jarida sun sassauta, da faifan ya sayu, domin tausayi na sayar da kaya. Bai kai ciwon ɗansa kasuwa ba. Ya zaɓi a ce ya haukace, a ce yana bin yayi da tsufansa, a kai shi kotu.

Labarin ya zauna min a ka shekaru kafin ya sauko zuciya. Ƙanwata ta haifi 'ya mace bayan doguwar naƙuda, yarinyar ta shekara ba ta riƙe wuya ba, ta shekara uku ba ta zauna ba. Kun san abin da ake raɗawa a unguwa game da irin waɗannan yara, har da masu cewa 'yar ruwa ce, kun kuma san yadda ake tura su ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo. Ƙanwata ba ta ɓoye tata ba. Wata rana na je gidan, yarinyar tana kwance a tabarma an tokare ta da matasai. Da ta gan ni sai jikinta ya sandare, yatsunta suka dunƙule, ta buɗe baki tana fitar da wani sauti mai tsawo, ta tsaya ta ja numfashi, ta sake. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Na ruɗe, na ce a zo a duba ta. Uwar ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu, ta ce, "Yaya, ba kuka take ba. Gaishe ka take yi. Ka amsa mata." Na durƙusa na matso da kunnena kusa da bakinta, ina riƙe numfashi don kada wani abu ya wuce ni. Jikina ya san wannan durƙuson tun kafin hankalina ya gane daga ina. Yarinyar tana da maganarta cikakkiya, da gaisuwarta da fushinta da tsokanarta, kuma uwarta kaɗai ta san ta duka. Mu sauran muna kama ɗaya, uku su nutse.

Ba zan ce Trans faifai ne marar aibi ba. Ayyuka biyu ne aka cusa a riga ɗaya. Waƙoƙi ukun da ba na inji ba daga wani faifai daban suka fito, wanda ya ɗauka a Hawai, Geffen ya ji ya ce bai yi masa ba. An sa ɗaya a farkon kowane gefe, ta uku a ƙarshe, sai suka zama tarko: su kwantar maka da hankali, sannan inji ya faɗo maka. Cikin na injin ma akwai waɗanda wasa ya fi yawa, irin ta makiyayin da ke kutse cikin kwamfutoci da dare, da ta kamfanin da ke ƙera wa gwauraye matan ƙarfe a kan oda. Gangar injin kuma ta tsufa, kana ji ka san shekararta. Amma inda ya yi kyau, babu abin da ya yi a rayuwarsa da ya fi shi taushi.

A 1993 ya yi wasan nan na tashar MTV da ake yi ba lantarki, ya rera Transformer Man da muryarsa ta ainihi, Nils Lofgren na gefensa. Na kai wa Yaya kaset ɗin, lokacin furfura ta fara masa. Ya saurara har ƙarshe, ya mayar baya, ya sake ji. Ya ce, "To ai ga waƙa nan. Me ya hana shi yin haka tun farko?" Na ba shi labarin yaron. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce Allah Ya ba iyayen lada, amma shi har gobe wannan ta biyun ce waƙa. Ni kuma har gobe ta farkon ce. Ta 1993 uba ne yake ba mu labarin ɗansa, mu ji, mu tausaya, mu tafa. Ta 1982 tana sa ka a inda uban yake durƙushe, kuma ba ta ba ka abin da shi ma ba a ba shi ba. Ba mu daidaita ba, kuma ban ga dalilin da zai sa dole mu daidaita ba.

Neman maɓallin nan bai tsaya a faifai ba. Neil Young mai son jiragen ƙasa na wasan yara ne, ya shimfiɗa musu dogo a wani babban ɗaki a gonarsa, ya ƙera wa yaron wani ƙaton maɓalli da zai iya dannawa ya tayar da jirgi ko ya tsayar da shi. Abin ya kai shi ga sayen hannun jari a kamfanin Lionel mai ƙera jiragen a 1995, kuma sunansa na kan takardun mallakar fasaha da dama na na'urorin sarrafa su. A 1986 Pegi da wasu mutum biyu suka kafa makarantar Bridge a Kalifoniya, don yaran da ba sa iya magana ko motsi, inda ake koya musu isar da saƙo da alluna da kwamfuta. Daga shekarar har 2016 kusan kowace kaka ana yin wasan tara wa makarantar kuɗi, Bruce Springsteen na cikin waɗanda suka zo na farko. Akasari da kayan kiɗa marasa lantarki ake yi, kuma ɗaliban suna zaune a kan dandalin cikin kekunansu, a bayan mawaƙa.

Yau muryar inji ta zama ruwan dare. Tun da Cher ta yi Believe a 1998 da manhajar Auto-Tune, abin ya bazu har situdiyoyin Kano, inda da wuya ka ji waƙar fim da ba a bi da muryar ta ciki ba, kuma dattawan da suka tashi da Shata da Ɗanmaraya suna faɗin abin da Yaya ya faɗa a 1983, kusan kalma da kalma. Na'urorin ba ɗaya ba ne, niyyar ma ba ɗaya ba. Yawanci ana sa ta yanzu don a goge murya ta yi santsi, ta fi ta mai ita kyau. Neil Young ya sa tasa ne don ya rage wa kansa, ya hana kansa abin da ya fi kowa iyawa, har sai ya dawo daidai da wanda ba a ba shi baki ba.

A 2024 ya fitar da kashi na uku na taskar tsofaffin ayyukansa, wanda ya ƙunshi 1976 zuwa 1987. A ciki waƙoƙin Hawai sun samu sunansu daban, Johnny's Island, kuma an haɗa da fim ɗin zane na Trans wanda Micah Nelson, ɗan Willie Nelson, ya yi, shekara 42 bayan kamfani ya hana kuɗin na farko. Ni tun ina sakandare na raba su da kaina. Na ɗauki waƙoƙin inji shida a jere a gefe guda na kaset, na bar ukun a ɗaya gefen, kuma a wannan jerin nake jin su har yanzu a waya, in fara da Computer Age in ƙare da Mr. Soul.